Tarihin Manyan Bindigogi Masu Liba a Amurka da Matsalar Albarushi Marar Hayaƙi

1.0 Gabatarwa

A cikin harsasan bindiga da ake ƙerawa a yau, kaɗan ne suka kai wanda ake kira .45-70 daɗewa. Rundunar sojan Amurka ce ta fara aiki da shi a shekarar 1873, kuma bayan shekara fiye da 150 har yanzu kamfanoni suna yin sa, mafarauta suna sayensa. Sunansa bai sake ba, haka tsawon kwansonsa da faɗinsa. Amma abubuwa biyu da rayuwar maharbi ta rataya a kansu sun sake ƙwarai, watau albarushin da ake zubawa a cikin kwanson, da ƙarfin bindigar da ake ɗura shi a ciki. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda haka ta faru, ta kuma nuna cewa zuwan albarushi marar hayaƙi ya raba sunan harsashi da ma'anarsa ta asali, har aka wayi gari harsashi ya shiga bindiga daidai wa daida, amma ya fi ƙarfinta. Hausawa kan ce kama da wane ba ta wane.

Bindiga mai liba ita ce wadda ke da wani lanƙwasasshen ƙarfe a ƙarƙashinta, bayan kunama. In maharbi ya tura ƙarfen ƙasa sai sakatar bindiga ta ja baya, ta fitar da kwanson da aka harba. In ya maido shi sama sai sabon harsashi ya shiga mazauninsa, sakata ta kulle. Yawancin irin wannan bindiga tana ajiye harsasanta ne a jere cikin wani siririn bututu da ke kwance ƙarƙashin babban bututun harbi. Abin da ake nufi da babba kuwa a nan shi ne wadda faɗin ƙwayar harsashinta ya kai kashi 40 cikin 100 na inci ko ya haura.

2.0 Zamanin Baƙin Albarushi

Baƙin albarushi, wanda duniya ta yi ɗaruruwan shekaru tana yaƙi da farauta da shi, gauraye ne na gishirin albarushi da gawayi da farar wuta. Idan ya kama, fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska, sai dai ya tashi hayaƙi ko ya daskare toka a cikin bututu. Wannan aibi ne a fagen fama, domin hayaƙi yana tona asirin maharbi, yana kuma rufe masa gani. Amma akwai sauƙi ɗaya tattare da shi. Tun da ƙarfinsa yana da iyaka, maƙera sukan yi kwanso daidai da yawan albarushin da bindiga za ta iya ɗauka. Mai ɗura harsashi sai ya cika kwanso, ya danna ƙwaya a kai, shi ke nan. Kwanson da kansa shi ne mudun awo.

Saboda haka ne sunayen harsasai na wancan zamani suka zama cikakken bayani. Cikakken sunan wanda ake magana a kai shi ne .45-70-405. Lambar farko tana nuna faɗin ƙwaya, watau kashi 45 cikin 100 na inci, kimanin milimita 11 da rabi. Ta biyu tana nuna nauyin baƙin albarushi, giren 70. Ta uku kuwa nauyin ƙwayar dalma ce, giren 405. Giren wani ƙaramin ma'auni ne wanda 7,000 nasa ke yin laba ɗaya, ke nan albarushin kimanin giram 4 da rabi ne, dalmar kuma kimanin giram 26. Duk wanda ya karanta sunan ya san abin da zai zuba.

Bindigar da soja suka yi wa wannan harsashi ita ce Springfield ta 1873, mai cin harsashi ɗaya tak. Bayanta yana da murfi da ake ɗagawa sama a sa harsashi a rufe. An samo tsarin murfin ne daga dabarar gyara tsofaffin bindigogin ɗuri ta baki da suka rage bayan yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Ya wadatar ga baƙin albarushi, amma ba makulli ne mai jure matsi mai yawa ba. Wannan rauni na murfin Springfield shi ne zai ja wa harsashin linzami har zuwa yau.

3.0 Neman Liba Mai Ɗaukar Babban Harsashi

Bindiga mai liba ta riga .45-70 fitowa. A 1860 Benjamin Tyler Henry ya yi rajistar bindigarsa mai ajiye harsashi 15 a bututu, wadda kamfanin Oliver Winchester na birnin New Haven ya ƙera. Daga ita aka sami Winchester ta 1866, wadda sojojin Daular Usmaniyya suka yi wa Rashawa ɓarna da ita a Plevna a 1877, sa'an nan Winchester ta 1873. Duk ukun saurin harbi ne abin alfaharinsu, amma harsasansu ƙanana ne. Na Henry bai wuce giren 28 na albarushi ba, na 1873 kuwa giren 40. Dalili shi ne abin da ke tokare sakatarsu wata gaɓa ce mai kama da gwiwar mutum, wadda ke miƙewa in an kulle, ta tanƙware in an buɗe. Irin wannan gaɓa tana bukatar doguwar hanya, ba ta kuma son duka mai tsanani.

Don haka a shekarun 1870 makaman Amurka suka rabu gida biyu. Mai son ƙarfi, kamar masu kashe ɓaunar daji don fata, yakan riƙe bindiga mai cin harsashi ɗaya irin ta Sharps. Mai son sauri kuwa yakan riƙe mai liba. An ga wannan rabuwa a yaƙin Little Bighorn na 1876, inda dakarun Custer ke riƙe da Springfield, wasu daga cikin mayaƙan Lakota da Shayen kuwa suna da Henry da Winchester. A wannan shekara ce Winchester ya fito da samfurin 1876, wanda ya ƙara wa tsohon tsarin girma. Duk da haka .45-70 ya yi masa tsawo, sai da kamfanin ya ƙirƙiro nasa gajeren harsashi mai ƙiba, .45-75.

John Marlin, shi ma a New Haven, shi ne ya cike giɓin da bindigarsa ta 1881, mai liba kuma mai cin harsashin soja. Wannan ya tilasta wa Winchester neman mafita, ya kuwa same ta a hannun John Moses Browning, wani matashin maƙeri daga garin Ogden na Utah. Browning ya yi watsi da gaɓar gwiwa, ya sa tubalan ƙarfe biyu masu hawa sama su shiga ramuka a jikin sakata da jikin bindiga, su kulle ta kamar yadda ake sa wa ƙyaure gungume. Wannan ita ce Winchester ta 1886, wadda ta ci .45-70 da .45-90 har da .50-110, aka kuma ƙera kimanin 160,000 kafin a daina a 1935. Ƙarfinta ya zarce abin da baƙin albarushi ke bukata nesa ba kusa ba. Daga wannan lokaci harsashi ɗaya ya sami gida biyu, ɗaya mai rauni, ɗaya mai ƙarfi, ko da yake ba wanda ya damu, tun da albarushin ɗaya ne.

4.0 Zuwan Albarushi Marar Hayaƙi

A shekarar da Winchester ta 1886 ta fito, Faransa ta ba sojanta bindigar Lebel, ta farko a duniya da wata runduna ta ɗauka mai aiki da albarushi marar hayaƙi. Tushen abin tsoho ne. Tun 1846 Christian Schönbein ya gano cewa audugar da aka tsoma cikin ruwan asid tana zama abin fashewa, amma ta ƙi sarrafuwa, har masana'antarta ta Faversham a Ingila ta tarwatse a 1847. Sai a 1884 Paul Vieille ya narkar da ita ya mai da ita ɓawo mai tauri, wanda ke ci daga waje zuwa ciki sannu a hankali. Alfred Nobel ya biyo da nasa a 1887, Ingila kuma ta fito da kodayit a 1889.

Amurka ta sake bindigar sojanta a 1892, ta ɗauki Krag mai ƙaramin baki da sabon albarushi. Amma a yaƙinta da Sifaniya a 1898 yawancin dakarun sa kai sun tafi Kuba ne da tsohuwar Springfield, inda farin hayaƙinsu ya riƙa nuna wa masu Mauser wurin da za su harba. Bayan wannan darasi aka kwashe tsofaffin bindigogin aka sayar wa 'yan kasuwa da araha, dubbai suka watsu cikin gonaki da ƙauyuka. Wannan gwanjo yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, domin ya sa mafi raunin bindigogin .45-70 ta zama mafi yawa a hannun jama'a.

Ta fuskar farauta, Winchester ta 1894 ta fara fitowa ne da harsasan baƙin albarushi. Sai a 1895, da aka sami tataccen ƙarfe mai haɗin nikel wanda ke jure zafi da gogar sabuwar ƙwaya mai rigar ƙarfe, aka fito da harsashin da daga baya ya shahara da sunan .30-30. A nan ne harshe ya fara yin tuntuɓe. An bi tsohon salon suna, alhali lambar 30 ta biyu tana nufin giren 30 na albarushi marar hayaƙi ne. Haka 40 da ke cikin .30-40 na Krag. Ke nan a kanta ɗaya, mai saye yana ganin .45-70 da .30-30, salon suna ɗaya, albarushi biyu da ba su da haɗi.

5.0 Inda Haɗarin Yake

Bambancin ba na hayaƙi kaɗai ba ne. Sabon albarushi kusan dukkansa yake zama iska, nauyinsa kaɗan yana yin aikin mai yawa na tsohon. Abin da ya fi wannan shi ne halinsa na ci: gwargwadon yadda matsi ya ƙaru a kansa, gwargwadon yadda yake ƙara saurin ci, saurin cin kuma ya daɗa haifar da matsi. Saboda haka ɗan ƙari kaɗan a awo yana iya jawo hauhawar matsi wadda ta wuce ƙarin nesa. Bugu da ƙari, shi ba iri ɗaya ba ne. A yau akwai fiye da iri ɗari a kasuwa, wani mai saurin ci don ƙaramar bindigar hannu, wani mai jinkiri don doguwa, kuma ido ba ya iya rarrabe su da tabbaci.

Manyan kwansaye irin na .45-70 su suka fi shiga wannan tarko. An yi su ne da faɗin ciki don baƙin albarushi, don haka awon da ya dace na albarushi mai saurin ci yakan kwanta can ƙasa, ya bar fili mai yawa. Wanda hankalinsa ya rabu ya zuba sau biyu, kwanso zai karɓa bai zube ba, ƙwaya kuma ta zauna kamar ba abin da ya faru. Mudun da a da yake hana kuskure ya daina aiki. Wanda kuwa ya ɗauki lambar 70 a matsayin umarni, ya auna sabon albarushi da ita, yana iya tarwatsa bindigar a fuskarsa.

Kamfanoni sun yi ƙoƙarin sassauta wannan sauyi, sai ƙoƙarin ya haifi wani ruɗani. Sun yi wani nau'i mai sakwaf-sakwaf wanda aka shirya a auna shi da cokalin baƙin albarushi, cika da cika. A gefe guda kuma ga nau'i mai nauyi wanda dole a ɗora shi kan sikeli. Duka biyun sunansu marar hayaƙi. Mutumin da ya saba da na farko, ya sayi na biyu, ya ɗebo da tsohon cokalinsa, ya zuba abin da ya wuce ƙima ke nan.

Ita ma liba tana da nata sharuɗɗa. Tun da harsasai a jere suke cikin bututu, hancin kowane yana tokare da gindin na gabansa, daidai inda 'yar hular tada wuta take. In ƙwaya mai tsini ce, girgizar harbi tana iya sa ta huda hular, harsasan ajiya su tashi a hannun maharbi. Shi ya sa ake yi wa irin waɗannan bindigogi ƙwaya mai shafaffen kai. Browning ya kauce wa matsalar a Winchester ta 1895 ta hanyar ajiye harsasai bisa juna a akwati, kuma irinta ce mai cin .405 Theodore Roosevelt ya tafi da ita farauta Gabashin Afirka a 1909. Har ila yau girgizar tana iya tura ƙwaya ta nutse cikin kwanso in ba a matse bakinsa da kyau ba, filin ciki ya ragu, matsi ya hau.

6.0 Matakan da Aka Ɗauka

Mataki na farko shi ne gargaɗi a rubuce. Daga 1903 Winchester ya riƙa sayar da wasu tsofaffin harsasai da ɗuri mai ƙarfi don sababbin bindigoginsa, yana buga wa kwalin kashedin kada a sa su a ƙananan bindigogin hannu ko a samfurin 1873. Amma kwali yakan yage, harsashi yakan kwana a aljihu, daga bisani aka daina yin su.

Mataki na biyu shi ne ƙa'idar awo. A ƙasashen Turai da dama doka ce a gwada kowace bindiga da ɗuri mai wuce ƙima kafin a sayar. Birmingham tana da gidan gwaji tun 1813, a 1914 kuma wasu ƙasashe suka kafa hukumar haɗin gwiwa da ake kira CIP. Amurka ba ta da irin wannan doka, sai masu masana'antu suka kafa ƙungiyarsu, SAAMI, a 1926, wadda ke tsayar da iyakar matsi ga kowane harsashi. A da ana auna matsin ne da ɗan guntun jan ƙarfe, a ga iyakar yadda harbi ya matse shi, yanzu kuwa da na'urar lantarki. Iyakar da aka sa wa .45-70 ita ce laba 28,000 a kan kowane murabba'in inci, alhali .30-30 an ba shi 42,000. An daure babban harsashin ne da gangan saboda tsofaffin bindigogin da ke hannun mutane. Tafiyar ayari, da ma, da takun mai rauni ake auna ta.

Mataki na uku ya zo ne da farfaɗowar harsashin. Bayan 1935 an yi shekaru da dama kusan ba mai ƙera sabuwar bindiga dominsa. A 1972 Marlin ya sake fito da mai liba da tataccen ƙarfen zamani, ya ba ta tsohon suna, 1895. A daidai wannan zamani Ruger yana sayar da bindigarsa mai cin harsashi ɗaya wadda ta fi kowace ƙarfi. Masu ɗura harsashi a gida, waɗanda al'adarsu ta dogara da littattafan awo tun daga na kamfanin Ideal da Lyman ya gada a 1925, suka nemi cin moriyar wannan ƙarfi. Sai littattafan suka raba .45-70 gida uku: na Springfield da makamantanta, na masu liba masu ƙarfi, da na Ruger. Alƙaluman sukan bambanta daga littafi zuwa littafi, amma a ma'aunin jan ƙarfe akan ga rukunin farko daga wajen 18,000, na biyu har 40,000, na uku har 50,000. Harsasan rukunonin uku kamarsu ɗaya, kowanne kuma zai shiga Springfield ta 1873, murfi ya rufe.

Mataki na huɗu shi ne mayar da kariya cikin jikin ƙarfe. A 1998 Marlin ya fito da gajeriyar mai liba wadda masu yi wa mafarauta jagora a dazuzzukan Alaska suka karɓa hannu biyu. Don a ba su ɗuri mai ƙarfi daga masana'anta ba tare da jefa masu tsofaffin bindigogi cikin haɗari ba, Marlin da Hornady suka fito da .450 Marlin a 2000. Aikinsa kusan na .45-70 ne na rukuni na biyu, sai dai an yi wa gindin kwansonsa ɗamara mai kauri wadda ke hana shi shiga tsohuwar bindiga. Bayan shekara fiye da ɗari, an koma ga hikimar farko, watau siffar kwanso ta hana kuskuren da rubutu ya kasa hanawa.

Daga wannan tarihi ne ƙa'idojin da littattafan awo ke nanatawa suka samo asali: a auna da sikeli, a bi awon da aka gwada aka buga don rukunin bindigar da ke hannu, a fara daga ƙasa, kada a musanya wani albarushi da wani ko a gauraya, kada a ajiye gwangwani biyu a kan tebur, a leƙa cikin kowane kwanso kafin a sa ƙwaya, tsohuwar bindiga kuma ƙwararren maƙeri ya duba ta tukuna.

7.0 Kalma Ɗaya, Abu Biyu

Wannan ruɗani na suna bai tsaya ga Ingilishi ba. Hausa ta ari bindiga da harsashi da albarushi daga Larabci, a zamanin da baƙin albarushi kaɗai aka sani. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigo da bindigogin zamani yankin Afirka da ke tsakanin daraja 20 arewa da 22 kudu, ta bar bindigar ƙyastu da albarushin kasuwa kawai. Saboda haka ilmin maƙera da maharba na gargajiya, da na masu buga adaka a hawan salla, ya ginu ne a kan albarushin da ake aunawa da ido da tafin hannu. Garin da ke cikin harsashin zamani shi ma albarushi ake kiransa, amma bindigar toka ba a yi ta don shi ba. Wanda ya farke harsashi ya juye garinsa cikin bututun adaka ya maimaita kuskuren mai tsohon cokali na Amurka, a cikin ƙarfen da bai kai ko na Springfield ƙarfi ba.

8.0 Kammalawa

An ga yadda neman haɗa sauri da ƙarfi ya kai maƙeran Amurka daga gaɓar gwiwa ta Henry zuwa tubalan Browning, da yadda sabon albarushi ya zo ya tarar da harsashi ɗaya a bindigogi masu ƙarfi daban-daban. A zamanin baƙin albarushi suna da kwanso sun isa jagora. Daga 1895 zuwa yau sai da aka ƙara musu sikeli, da gidan gwaji, da ƙa'idar matsi, da littafi mai rukuni uku. Lambar 70 tana nan a gindin kowane kwanso, amma yanzu shaidar tarihi ce kawai. Tambayar da mai riƙe da irin wannan bindiga ke bukatar amsawa kafin ya ja kunama ita ce wace shekara aka ƙera ta, kuma don wane albarushi.